Inda Ƙananan Matakalai Suka Ƙare

Shekara arba'in da ɗaya rabon Inna da garinsu, kuma tun daga tasha ranta ya fara ɓaci. Gidansu ya koma shagon gyaran waya, rijiyar unguwa an toshe ta da siminti. Duk ta shanye, don ba su suka kawo ta ba. Autarta ta kawo, ta ga matakalar da kakanta, mahaifin Inna, ya sassaƙa a jikin dutsen da ya tokare garin. Auta har ta yi aure ba ta san kakan nan ba ko a hoto, in an ɗauko labarinsa sai ta ce "To, Inna," irin ta lallashin tsofaffi.

A gindin dutsen suka tarar da ɗan jagora riƙe da lasifika, baƙi sun kewaye shi.

"Wannan matakala aikin mutanen da ce," in ji shi. "Shekara ɗari takwas ke nan, ba a san ko su wane ne ba."

Inna ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Mutumin da ya yi shekara shida da guduma a hannu don mata su huta da zamewa da tulu a ka, ƙurar dutse ta cinye masa huhu, yau shi ne ba a sani ba? Ƙarya tsirararta, har da lasifika.

"Yaro, ubana ne ya yi ta."

"Allah ya ja kwana, Baba," ya ce yana murmushi. "Haka yake a rubuce a allon can."

Baƙi suka yi dariya. Auta ta ja mayafinta. "Inna, don Allah ana kallonmu."

Wannan ta fi yi mata ciwo. Ta bi ayarin tana haki, gwiwa na ƙara. A gefen manyan matakalan akwai wasu ƙanana, kowace rabin babba. Can wajen tsakiyar dutse suka ƙare, manyan suka ci gaba.

"Ga abin da ya gagari masana," in ji ɗan jagoran. "Me ya sa ƙananan suka tsaya a nan?"

"Masanan banza," Inna ta ce. "Shekarata biyar, ni ke biyo uwata mu kawo masa abinci. Ƙafata ba ta kai manyan, shi ya yi mini nawa."

"To me ya hana shi ƙarasawa, Baba?"

"A nan nake gajiya. Daga nan a wuyansa nake hawa."

Ba wanda ya yi dariya. Auta ta durƙusa, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙaramar matakala ta ƙarshe. Ta daɗe a haka.

"Inna," ta ce, "sake faɗa mini sunansa."