Zama na Uku a Koren Tebur

Karo na uku ke nan ina zama gaban koren teburin jarrabawar baki a jami'ar birnin Aarhus, kuma babu na huɗu. In na faɗi yau, an sallame ni daga karatun injiniya. Shekara goma sha biyar ina ja wa mutane wayar wuta a gidajensu, wuta ba ta taɓa ba ni tsoro ba sai da aka zana ta a allo.

Na zaro takardar tambaya ɗaya cikin waɗanda aka kife. Kwararar lantarki ta jikin abu: yaushe take ɗaukar alamar ƙari, yaushe ragi.

Troels, malaminmu, ya miƙo mini alli. Kusa da shi Bodil ce, tsohuwar da aka aiko daga wata jami'a ta sa ido, tana juya kofinta kamar ba ta da wani aiki a duniya. Na zana akwati, na jera kibiyoyi, na karanto haddata. Kibiyar da ta fita waje, ƙari. Wadda ta shiga ciki, ragi.

Bodil ta ɗaga wata takarda daga tebur. "To ga wannan. Kibiyoyin sun ratsa ta daga taga zuwa ƙofa. Ƙari ko ragi?"

Akwati yana da ciki da waje, takarda kuwa fa? Ɗakin ɗan mitsitsi ne, taga a rufe, gumi ya jiƙa mini riga. Na tsorata ƙwarai.

"Ina wajenta yake?" na tambaya.

"Ni kike tambaya, Solvej? Ni kofi na zo sha."

"Saura minti biyu," in ji Troels, idonsa a ƙasa.

Hannuna ya matse allin yadda nake matse mitata ta auna wuta a jikin wayar batir, sai na tuna. Mitar tana da 'yar kibiya. In ka maƙala ta a juye, ragi za ta nuna, alhali wutar tana tafiyarta yadda take. Sau dubu na yi haka, ban taɓa kai shi aji ba.

Na fizge takardar, na soka mata fensir, tsininsa na kallon ƙofa. "Ba ta da waje, ni ke zaɓa. Na zaɓi nan, ƙari." Na juya fensirin. "Yanzu ragi. Wutar ba ta ma san na juya ba."

Suka tura ni baranda su yi shawara. Da aka kira ni, Bodil na lallaɓa takardar da yatsa.

"Takardar sakamakonki kika huda, baiwar Allah."

Ta rubuta 02 a gefen hudar, maki mafi ƙanƙanta da ake wucewa da shi. Na kama ƙofa, na kasa buɗe ta, sai da Troels ya taso ya buɗe mini.