Ƙanshin Tuya a Hannunta

Amarya ba ta kai ga gadon mijinta ba Yaya ta fizge kular abinci daga hannunta. Yayar mijin ce, kuma tun da aka kwantar da shi a asibiti ta naɗa kanta mai gadin ɗakin, ba ko albashi.

Ta buɗe, ta shinshina, ta yatsine fuska. "Soyayyen ƙwai? Ke dai sai kin ƙarasa shi hankalinki zai kwanta."

"Shi ya ce yana marmari, Yaya."

"Rufe min baki! Ba a gabanki likita ya nuna hoton ba?"

A gabanta ne. Likita ya nuna musu ƙwayoyin kansar da ke ƙodarsa, kowacce cike da ɗigon kitse, ya ce ajiya ciwon yake yi, yana ci daga ciki yana yaɗuwa. Ya kuma ce ba girkin kowa ba ne ya jawo, a bar shi ya ci duk abin da ransa ke so. Amma kunnen Yaya rabin magana yake ɗauka, rabin da ya yi mata daɗi. Amarya kuwa sana'arta tuya a bakin tasha. Shi ke nan, an samu mai laifi.

"Shekara da shekaru kina ɗura masa mai. Ga shi nan ya tsotse kamar tsinke, ciwo ya yi ƙiba."

Ta juye ƙwan a kwandon shara, ta yi jifa da kular. Allah ya sani Amarya ta ji kamar ta shaƙe matar nan, amma ta haɗiye. Ta zauna a bakin gado, kusa da dafaffen kabejin Yaya da ya huce ba a taɓa ba.

Mijin ya buɗe ido da ƙyar. Bai tambayi ƙwan ba, ya ji komai. Ya laluba ya kamo hannunta, hannun da ƙanshin tuya ya riga ya kama, ya kai hancinsa, ya ja dogon numfashi.

Yaya ta dangwarar da ruwa da sabulu a gabanta. "Tashi ki wanke ƙarnin nan."

Amarya ta dube ta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurenta. "Wannan ma zubarwa za ki yi, Yaya?"

Ta gyara zama, ta miƙa masa ɗaya hannun.