Abin da Solomon Ya Ce a Hanyar Mahuta

Solomon bai mutu a kan titi ba, kuma abin da ya ɓata wa matarsa Magdalene shari'a ke nan. Da a nan ya cika, a gaban masu sayar da rake na bakin hanyar Mahuta, da babu mai gardamar wanda ya kashe shi. To amma mutumin tsohon soja ne, ya je yaƙin Laberiya ya dawo da ƙafafunsa, ya sayi babur yana kabu-kabu a Zuru, kuma irinsu ba su iya kwanciya a gaban jama'a ba. Da akori-kurar wani direba mai suna Lawwali ta fito daga bayan tirela ta yi sama da shi, sai ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa, ya tura lanƙwasasshen babur ɗinsa har gida, unguwar Rikoto. Ba a yi mako ba aka binne shi.

Magdalene ba mace ce mai son kotu ba, ko ofishin 'yan sanda ba ta taɓa leƙawa ba. Wanta Mika ne ya nemo lauya, aka shigar da ƙarar Lawwali da kamfanin inshorar motar a shekarar 2006. Mika na maganar diyya, ita kuwa ba nan hankalinta yake ba. So take wani mai iko ya buɗe baki a gaban mutane ya ce mota ce ta kashe Solomon. Don in ba mota ba ce, to ita ce, ita da ta gasa masa jiki da ruwan zafi, ta shafa masa man zafi, ta bar shi kwance ta tafi gona, asibiti kuwa ga shi nan cikin gari.

Tun da aka fara zaman kotun, Solomon bai bar ta ta je ita kaɗai ba. Ba ganinsa take yi ba, kada a ce ta taɓu. Sai dai in ta zauna a benci, warin fetur da sabulun wankinsa ya zo ya zauna a gefenta, ta tarar ta matsa ta bar wuri ba tare da ta sani ba. Tsoro take ji, kuma ba ta so ya daina zuwa.

Shari'a ta yi ta ja, a ɗaga yau a ɗaga gobe, har aka ci sabuwar dawa. Ranar da aka kira Lawwali, ya shiga akwatin shaida yana murza hularsa. Magdalene ta so ta ga mugu, sai ta ga ramammen mutum da jajayen idanu, abin ya ba ta haushi. Lauyan kamfanin, wani mai santsin baki da aka turo daga Birnin Kebbi, ya tambaye shi abin da ya faru bayan karon.

“Ranka shi daɗe, na sauko da gudu,” in ji Lawwali. “Nic ce mishi, sannu Baba Soja, mu tai asibiti. Yad dube ni yac ce, ba komi.”

“Ya ce me?”

“Ba komi. Har sau biyu ya faɗi.”

Tafinta ya juya maganar zuwa Turanci, ya ce mamacin ya ce babu abin da ya same shi. Alƙali ya rubuta. Kowa a ɗakin nan, har alƙalin da lauyan, ya san “ba komai” ba ta nufin ba komai. Ita ce amsar wanda aka taka wa ƙafa a kasuwa, da wanda gobara ta cinye wa rumbu. Amma da ta hau takarda da Turanci, sai ta zama kamar likita ne ya duba shi ya sallame shi.

Sai aka kira Magdalene. Lauyan ya sassauta murya, har da kiranta Mama.

“Mama, da maigidanki ya shigo gida ran nan, da ƙafarsa ya shigo?”

“Da ƙafarsa.”

“Kin tambaye shi jikinsa?”

“Na tambaya.”

“Me ya ce miki?”

Warin fetur ya cika mata hanci. Ta rantse da Littafi Mai Tsarki a hannunta, ba ta da hanyar kaucewa.

“Ya ce ba komai,” ta faɗa, muryarta can ƙasa. Sai ta ɗago da sauri. “Amma da Hausa ya faɗa! Solomon in yana Hausa, mutunci yake yi. Ranar da zai mutu da safe ya kira ni da yarenmu na C'lela, ya ce cikinsa ya cika kamar an ɗura masa ruwa. In ya koma C'lela, gaskiya yake faɗi, ni na san mijina.”

“To da ya faɗa da yarenku, kin kai shi asibiti?”

“Na fita neman mota. Kafin in dawo...”

“Shi ke nan, Mama. Na gode.”

Lauyan kamfanin ya zauna yana gyara rigarsa. Babu likitan da ya ga Solomon da rai, babu wanda ya duba gawarsa, don dangi sun ce ba za a yanka musu ɗan'uwa ba. Lauyanta ya yi iya yinsa, amma ba shi da abin riƙewa sai maganar mace a kan yaren da mijinta yake faɗin gaskiya da shi.

Hukuncin ya zo rabi da rabi. Alƙali ya ce Lawwali ne mai laifin karon, ya wuce tirela a inda bai kamata ba. Amma ya ce kotu ba ta gamsu cewa karon ne sanadin mutuwar ba. Don haka kamfanin inshora zai gyara abin da aka tabbatar motar ta lalata, wato babur. Mika ya yi ta sababi a harabar kotu. Lawwali ya tsaya daga nesa kamar zai zo, bai zo ba. Magdalene ta tambayi lauyanta, “To wa ya ce ya kashe shi?” Lauyan ya ce alƙali bai ce kowa ba. Ita ta ji sunan da ba a faɗa ba.

Kamfanin, a yi masa adalci, bai yi ha'inci wurin gyaran ba. Wata ranar Asabar da hantsi, tana tsakar gida tana sheƙar dawa, bakanike ya kawo babur ɗin. An miƙe ƙarfen gaba, an sa sabuwar fitila, an yi masa fenti har yana ƙyalli. Don ya nuna mata aiki ya yi kyau, bai ko yi sallama ba ya shigo da shi a kunne, ya tsaya daidai gindin mangwaro, ya murza mai sau ɗaya ya kashe, kamar yadda Solomon ya saba yi.

Magdalene ba ta ɗago kai ba. Ta ajiye faifan, ta shiga ɗaki da saurinta, ta ɗebo ruwan randa a babban kofin silba, ta fito tana cewa da yarensu, yau ka daɗe. Sai a tsakiyar gidan ta ga fuskar wanda ke kan babur ɗin.

Bakaniken ya miƙo hannu zai karɓa yana godiya. Ta kasa sakin kofin.