Munduwar da Ke Suma Cikin Jama'a

Munduwar neman agajin ba ta taɓa suma a gaban injiniya Sixten ba. A kan teburinsa a birnin Lund lafiyarta ƙalau. Amma a wani gidan kula da tsofaffi, ranar Lahadi, wata tsohuwa ta faɗi a banɗaki, ta danna maɓallin neman agaji, ba wanda ya ji. Munduwar ta ɗauke wuta, ta farfaɗo bayan an riga an tsinci matar a ƙasa.

Rediyo ɗaya ne a cikinta, ayyuka biyu ke karɓa-karɓa da shi: bulutuz mai magana da wayoyi, da kiran agaji mai zuwa ɗakin ma'aikatan jinya. Kowanne da lokacinsa. Wanda ya wuce nasa, na'urar ta kife.

"Idan ba ka kama ta tana suma ba, za a janye mundayen duka daga kasuwa," in ji Elvira, shugabar sashen, ta allon kwamfuta daga kicin ɗinta. Kusan kowa yanzu daga kicin ɗin gidansa yake aiki.

Sixten ya dubi ɗakin gwajin. Kujeru babu kowa, injin kofi ya yi ƙura. A da, in la'asar ta yi, nan ake cika, ana cin burodin kirfa, ana musu a kan abin da bai shafi kowa ba. A tsakiyar wannan surutun suka kama yawancin kurakuran da suka taɓa kamawa, domin kowa na shigowa da waya a aljihu.

Ya tsaya cak. Ranar Lahadi ake ziyara. 'Ya'ya da jikoki, kowa da wayarsa, kowace waya tana laluben abin da ke kusa da ita. Shi kuwa yana gwaji a ɗakin da babu ko kyanwa.

Ya kira tsofaffin abokan aikinsa da suka yi ritaya. Bai ce yana kewarsu ba, ya ce wayoyinsu yake so.

Gunnel ce ta fara isowa da tiren burodi. "Kai, Sixten, har yanzu wannan rigar? Ita ka sa ranar jana'izar matarka Majken."

"Ita ce ta saya mini. Ajiye wayarki kusa da munduwar."

Birger ya shigo yana dogara sanda. "To, gwani ya kasa, an tono gawawwaki."

"Wayarka nake bukata, tsoho, ba bakinka ba."

"Tare suke zuwa, ba a raba su."

Aka yi ta shigowa, wasu da matansu, ɗaya da jikarsa mai wayoyi biyu. Gunnel ta wanke injin kofi tana zagin duk wanda ya bar shi haka. Birger ya tayar da tsohon musunsu na wa ya ƙona allon gwaji a zamanin da wayoyi ke da eriya, kowa ya ce ba shi ba ne. Sixten yana dariya har ya manta da abin da ya tara su.

Fitilar munduwar ta mutu.

"Shiru!" in ji Sixten, amma ba wanda ya yi shiru. A allo ya ga komai. Kiran agaji ya nemi ƙarin lokaci a kan rediyo, bulutuz ya hana domin wayoyi sun yi masa yawa, kiran kuwa bai tsaya jin amsa ba, ya ci gaba da magana. Gyaran 'yan layuka ne kaɗan a manhajar munduwar. Sixten ya yi shi kofi na hannunsa, ya sa Birger ya danna maɓallin har yatsansa ya gaji. Duk kiran ya isa.

Ya sanar da Elvira. Ta ce madalla, za a sayi akwatin da ke kwaikwayon wayoyi da yawa, ba sai an sake wahalar da mutane ba.

Gunnel tana ɗaure gyalenta ta ce, "Ka tabbata ta warke?"

Sixten ya dubi munduwar, fitilarta na ci lafiya lau.

"Ban tabbata ba," ya ce. "Ku dawo mako mai zuwa, a sake gwadawa."

"Maƙaryaci," in ji Birger. "Ni zan kawo burodin."