Farin Jirgin Mushe Larda

Sumana da ƙanensa Jibo masunta ne a Gaya, a bakin kogin Kwara aka haife su. Shekarar da aka fara kwasar mutane dole zuwa aikin hanyar Doso, wani Anasara mai sayen fatu, da ake kira Mushe Larda, ya ɗauke su aiki. Yana da wani jirgin katako da aka kawo masa daga Kotonu, fari fat, da rumfa a tsakiya. Ba ya ɗaukar kaya a ciki, ba ya su. Ran Lahadi kawai yake shiga da bindigarsa da kwalabensa, a tuƙa shi ya sha iska. Mutanen gari suna dariyar jirgin da ba ya aikin komai, amma Sumana bai damu ba, tunda duk mai yi wa Anasara aiki ba a kai shi hanya.

Wata Lahadi da hantsi, ruwa ya cika, suka gangara wajen wani tsibiri. Jibo ne ya fara hango dorina da ɗanta cikin ciyawa. Ya juya jirgi zai kauce. Mushe Larda ya daka masa tsawa, ya ɗaga bindiga.

Sumana ya ce, "Mushe, mai ɗa ce! A bar ta!"

Ko ya ji ko bai ji ba, ya harba. Harsashi ya sami ɗan. Uwar ta nutse, ruwa ya yi tsit. Sai suka ji jirgi ya tashi sama kamar ƙwarya, ya tsage biyu. Sumana ya cafko wuyan rigar Anasara, domin shi ne kusa da shi kuma bai iya iyo ba, ya ja shi har gaɓa. Da ya waiga, babu Jibo. Sai bayan kwana biyu masunta suka tsinci gawarsa can ƙasa, rabin ƙirji a murƙushe.

Ran sadakar bakwai, Siddo, tafintan Mushe Larda, ya zo ƙofar gida. Ya yi gaisuwa, sannan ya ja Sumana gefe, ya fito da takarda.

Ya ce, "Ka san abin da ake kira asiransi? Akwai wani kamfani can ƙasarsu. Mai jirgi yana ba su wani abu duk shekara, in jirgi ya lalace su mayar masa da sabo. Amma in shi ya jawo ɓarnar da hannunsa, ba su ba shi komai."

"To, ni mene ne nawa a ciki, Malam Siddo?"

"Shaida. An rubuta cewa matuƙi ne ya yi sakaci, ya hau dutse. Yatsa kawai za ka dangwala."

Sumana ya ce, "Jibo ya hau dutse? Jibo da ya san kowane dutse na kogin nan tun bai yi kaciya ba? Shi kansa fa, takardar ta ce wani abu a kansa? Ya bar mace da 'ya'ya biyu."

Siddo ya sunkuyar da kai. "Na karanta ta sau biyu. Akwai jirgi, akwai rumfa, akwai bindiga. Babu mutum." Ya rage murya. "Ɗan'uwa, jibi za a sake kwasar mutanen hanya. Mushe Larda ya ce in gaya maka, wanda ba shi da ubangida, da shi za a fara. In ka tafi, wa zai ciyar da gida biyu?"

Sumana ya san mutum goma sha ɗaya daga unguwarsu da suka tafi hanyar nan, shida suka dawo. Ya miƙa hannu. Siddo ya shafa masa tawada a babban yatsa, ya danna a ƙasan takarda.

Magana ba ta kwana ba. Da ya shiga gida washegari, Bibata, matar Jibo, tana zaune cikin takaba, tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Yaya, an ce ka sa hannu."

"Don yaran nan na yi."

"Yaran nan za su girma a bakin kogi, a riƙa ce musu ubansu bai iya tuƙi ba." Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki.

Bayan wata uku sabon jirgi ya iso, ya fi na da tsawo. Mushe Larda ya aiko a kira Sumana, ya dafa kafaɗarsa gaban jama'a, ya ba shi hular sojan ruwa. Sumana ya tuƙa shi Lahadi uku. A ta huɗu, da suka kusa tsibirin, ya kasa ci gaba da tuƙi, ya saki filafili. Aka sallame shi nan take, aka ɗauki wani Bazabarme.

Da takaba ta ƙare, 'yan'uwan Bibata suka zo daga Zabori suka tafi da ita da yaran. Sumana ya raka su har bayan gari, ɗauke da ƙaramar 'yar Jibo a wuya. Da kaka ta yi, sunansa ya fito cikin mutanen hanya, ya tafi Doso da igiya a ƙugu tare da sauran.