Hoton Da, Hoton Yanzu

Waya mai tsagaggen gilashi. Singileti na aro. Farantin tangaran ɗaya, ragowar kayan ɗakin Zulaihatu, matar Illo. Ƙwai guda, naɗe cikin hula.

Abin da Illo ya rungumo ke nan a bayan babur ɗin taubashinsa Maliki, daga Turba zuwa Isa, inda sabis yake kamawa. Hagu da dama gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, shekara ta biyu a jere.

"Maimaita dokokin, bawana," in ji Maliki.

"Ba roƙo. Ba siyasa. Sabon shiga ba ya gardama da Koci. Kullum a tura hoton abinci."

"Da mi?"

"Da furotin."

"Madalla. Jaki ma shina koyo."

Illo bai rama ba, bukata gare shi. Wata uku baya ya je neman aikin gadi a wani sito a Sakkwato. Mai ɗaukar ma'aikata ya dube shi sama da ƙasa ya ce ɓarawo zai iya ɗauke shi tare da buhu, ya je ya ƙaro nama. Maliki kuwa, mai cajin waya a tashar Isa, yana cikin wani guruf na waya na masu motsa jiki, Zaratan Rima. Shugaban guruf ɗin, Koci Alhassan, yakan kai yaransa irin wannan aiki idan sun nuna himma.

A ƙarƙashin dalbejiyar tasha aka shigar da shi. Koci ya rubuto: "Sabo, turo hotuna biyu."

Illo ya fahimta sarai: inda kake so ka kai, da inda kake. Ya tura hoton angoncinsa, lokacin da rumbu yake cike, kumatu kamar an hura, tumbi ya ɗaga babbar riga. Sannan ya sa singileti, Maliki ya ɗauke shi hoto, haƙarƙari a jere kamar azarar ɗaki.

Waya ta fara ɓari.

"Kai! Daga wancan zuwa wannan?"

"Ba kitse ko ɗigo!"

Wani Alhaji daga Abuja ya turo murya yana haki a kan injin gudu: "Yaro, miliyoyi na kashe ban ga ƙafafuna ba har yau. Don Allah mene ne sirrin?"

"Sun juya abin," in ji Illo. "Bari in hwaɗa musu."

Maliki ya fizge wayar. "Sabo ba ya gyara ma manya! Ka shigo da ƙafar dama, ka yi shiru."

*

Haka Illo ya koyi ladabin wurin. Ya koyi cewa rashin karin kumallo sunansa azumin zamani. Ya koyi cewa kwaɗon tafasa, wanda Zulaihatu take yi tana ɓoye fuska kada maƙwabta su gani, abinci ne na masu ilimi. Jan guga daga rijiyar da ta yi nisa kuwa, wannan atisayen baya ne, wasu har biya suke a ba su igiya su ja.

Matsalar ɗaya ce, furotin, wato nama ko ƙwai. Kaza ɗaya ta rage a gidan, tana kwanci. Duk ranar da zai je Isa sai ya zaro ƙwai daga ƙarƙashinta, ya ɗora a gefen kwaɗo a farantin tangaran, ya ɗauki hoto, ya cinye kwaɗon, ya mayar mata da abinta da yamma.

"Malam," in ji Zulaihatu, "ƙwan ga ya hi ni yawo. Ko rijista za ka yi mai?"

"Aiki shika nema muna."

Ɗiyarsu Khadijatu ta riga ta raɗa wa ɗan tsakon da ke ciki suna.

Wani mai sa ido a guruf ya rubuto: "Wannan ƙwan mai ɗigon baƙi, ba shi ne na shekaranjiya ba?" Koci ya tsawatar masa, ya ce hassada ba ta gina jiki.

*

Ƙarshen wata aka naɗa Illo Gwarzon Wata, aka ba shi izinin magana. Ya danna wurin ɗaukar murya, ya yi gyaran murya. Ya yi sallama, ya gaida Koci da manya. Ya ce shi ba tsari yake bi ba, ruwa ne bai sauka ba. Ya ce hoton farko shi ne wanda yake son ya koma, kuma a garinsu akwai gwaraza irinsa gida-gida, har da mata da tsofaffi. Ya ce ko za a taimaka masa da maganar gadi.

Sai Alhajin Abuja ya turo fuskar dariya: "Ga jiki, ga barkwanci!"

Kafin a ƙara wani abu, saƙon Illo ya ɓace. Koci ya biyo shi ta gefe.

"Ka karya doka biyu a numfashi ɗaya, roƙo da siyasa. Na yafe don kai sabo ne. Batun gadi, masu ƙiba suke so, kai ka wuce nan. Hotonka na sa a tallar sabon aji. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ɓata jikin nan da tuwo."

*

Da ya isa gida kaza ta ƙyanƙyashe. 'Yan tsaki suna bin ta a tsakar gida. Khadijatu ta tare shi, ta karɓi hular, ta kai ƙwan kunnenta ta girgiza. Ya yi ƙara kamar ruwa a gora.

"Baragurbi," in ji Zulaihatu, ba ta ko ɗago daga tsinkar tafasa ba.

Yarinyar ta je ta ajiye shi a gurbin duk da haka, ta tsuguna tana jira.

Illo ya tsaya ya dube ta. Ya ajiye farantin, ya tuɓe singiletin mutane ya ninke. Ya zare layin daga wayar, ya goge gilashin da gefen riga yadda mai saye zai gani da kyau. Ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure.

Daga ciki ya ce, "Ki wanke babbar tukunya. Gobe za ni kasuwa da wayag ga. Za ni ɓata jikina da tuwo."