Jar Zumar Akawu

Akawu ya ɗaga saƙar farko daga cikin amya, ya dube ta ta cikin ragar da ta rufe masa fuska, ya mayar, ya sake ɗagowa. Ja ce. Ba irin jan da zuma kan yi in ta daɗe ba, ja jawur kamar jan-bakin mata. Ya ɗauka hayaƙi ne ya shige masa ido, ya ajiye gwangwanin hayaƙin ya buɗe amya ta biyu. Ita ma haka. Ya lakato da yatsa, ya zura ƙarƙashin raga ya lasa. Zaƙi kam akwai, har da wani ɗan ƙamshi da ya san ya taɓa ji, amma ba a jikin fure ba.

Shekara huɗu ke nan yana kiwon ƙudan zuma a bayan gida, akwati uku tsakanin tankin ruwa da bishiyar gwaiba. Litinin zuwa Juma'a yana ofishin ruwa yana buga hatimi, Asabar kuwa ko ƙaninsa ne ya zo sai ya jira. A ofis ba mai sayen zuma a hanya ya bari ya gani, don sai ya karɓe kwalbar ya ɗaga ta a rana, ya girgiza kai, ya yi wa mutum huɗubar rabin awa a kan masu dafa sukari. Kuma yau ce ranar da ya shekara biyu yana nema. Mai babban kantin magani na bakin titi ya yarda a kawo masa kwalba goma sha biyu da ƙarfe huɗu, in ta yi masa, zai ba ta gurbi a kan kantarsa.

Ya bi ƙudan da ido. Ba sama suke yi su tsallake katanga kamar kullum ba, ƙasa-ƙasa suke bi su sha kwana bayan kicin. Ya bi su da rigarsa ta kariya, gumi na bin bayansa. Ga tiren da ya sa a ajiye musu na ruwa, da 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse. Sun yi masa baƙi ƙirin, ruwan kuwa ja.

"Maman yara!"

Matarsa ta leƙo ta taga, hannunta riƙe da ledar ƙanƙara. Sana'arta ke nan, ta dama garin lemo da sukari, ta ƙulla, ta daskarar a firiza.

"Lafiya kake kira kamar gobara?"

"Mene ne wannan a tire?"

"Au, wannan? Ragowar haɗina ne. Ba kai ka ce tunda zafi ya shigo furanni sun ƙare, suna fama da yunwa ba?"

"Ruwa na ce ki zuba musu. Ruwa!"

"Haba Malam, ruwa zalla? Bayin Allah suna yi maka aiki safe da yamma, ko baƙo aka yi ai ba a ba shi ruwa zalla. Ka ga yadda suka yi ɓul-ɓul kuwa?"

"Tun yaushe?"

Ta ɗan lissafa da yatsu. "Wata biyu. Na abarba ba sa so sosai, ja suka fi so."

Akawu ya zauna a kan bulo, ya cire hular raga. Har ga Allah kuka ya so yi. Ita kuwa ta fito ta lakaci saƙar, ta lumshe ido, ta ce wallahi ta fi ta bara.

"To wai mene ne abin damuwar? Kai ka zuba sukari? Ta cikinsu ta bi, su suka yi abarsu, su suka rufe da kaki. In akwai mai laifi, ga su can ka kai su ƙara."

Maganar ta shige shi fiye da yadda ya so. Yana matse saƙa yana tacewa a farin ƙyalle yana maimaita ta a ransa. Kafin ƙarfe uku har ya kusa yarda. Ya jera kwalabe a kwali, ya ɗaure a bayan babur.

Kantin da sanyinsa, ga ƙamshin magani. Mai kanti, wani dattijo mai tumbi da tabarau a kan hanci, ya nuna masa gurbin da aka share, daidai idon duk wanda ya shigo. Ya ɗauki kwalba ɗaya ya karanta takardar da ke manne a jiki da ƙarfi: "Zuma tsantsa, ba haɗi." Ya buɗe, ya sa cokali, ya kai baki. Ya ƙara cokali na biyu.

"Kai! Akawu, ashe haka kake? Ni fa kwastomomina rabinsu likita ya raba su da sukari, ni ma ina cikinsu, shi ya sa nake tsoron zumar kasuwa. Amma wannan daga launi ka san ta daban ce. Furen wace bishiya ce?"

Sunan bishiya ɗaya kawai ake nema, kuma Akawu ya san sunayen bishiyoyi sun fi talatin. Ya dubi gurbin, ya dubi cokali na uku da ke hanyar bakin dattijon.

"Ranka ya daɗe, ajiye cokalin nan. Ba bishiya ba ce, tiren matata ne."

Ya kwashe labarin duka ya faɗa. Mai kanti ya yi dariya har da riƙe ciki, ya cire tabarau ya goge hawaye, ya sa aka maimaita masa wajen abarba. Da dariyar ta lafa sai ya turo kwalin a hankali.

"Ka kyauta da ka faɗa. Amma ka san gurbi ba ya jiran damina. Akwai wani da ke ta yi mini sintiri, gobe zan kira shi."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma iya ɓoyewa ba. Ya rungumi kwalinsa ya nufi ƙofa.

"Akawu." Dattijon ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Bar mini guda ɗaya. Ba ta kanti ba, ta gida. Kada dai likitana ya ji."

Akawu ya ajiye kwalin a ƙasa, ya zaro kwalba. Ya sa farce ya ɓare takardar tas, ya cusa ta a aljihu, sannan ya miƙa.

"Cokali ɗaya a rana, ranka ya daɗe. Lemo ne."